Tarago ya ƙi hawa layi: laifin wa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Yayana ya aiko mini daga Jamus da kwalaye uku na ƙananan taragun kaya waɗanda mutum ke harhaɗawa da kansa, an rubuta HOn30 a jikinsu, tare da layin dogo mai alamar HO. Na haɗa ɗaya, ƙafafunsa sun ƙi zama a kan layin. Burina in yi jirgin dakon manganis irin namu na Ghana. Ta ina zan ɓullo? Daga wani mai karatu a Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Hannunka bai yi laifi ba, kayan ne ba gidansu ɗaya ba. HO na nufin an ƙanƙantar da komai sau 87, kuma faɗin layinsa milimita 16.5 ne, domin yana kwaikwayon babban layi mai milimita 1,435, irin wanda aka shimfiɗa daga Tema zuwa Mpakadan. HOn30 ma sau 87 ɗin ne, amma siririn layi mai ƙafa 2 da inci 6 yake kwaikwayo, don haka milimita 9 yake hawa, wato faɗin layin N, wani ma'aunin da ya fi HO ƙanƙanta. Ko kwana ka yi kana gyara, ƙafar 9 ba za ta zauna a kan 16.5 ba.

To sai batun burinka, inda nake so ka tsaya ka yi lissafi kafin ka sake sa yayanka kashe kuɗi. Tsohon layin Ghana, wanda aka fara daga Sekondi a 1898 ya iso Kumasi a 1903, faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne, milimita 1,067, daidai da tsohon layin Legas zuwa Kano. Shi ne ya daɗe yana ɗauko manganis daga Nsuta zuwa tashar jiragen ruwa ta Takoradi. Raba 1,067 da 87, za ka samu 12 da 'yan kai. Ashe layi mai milimita 12 kake buƙata, wanda ake sayarwa da sunan HOm. Akwai wata hanyar: in ka koma ma'aunin sau 64, lissafin zai faɗa kusan 16.5, sai layin da ke hannunka ya yi aiki. Haka mutanen New Zealand ke yi da nasu jiragen. Sai dai kayan haɗin wannan ma'auni ba su da yawa, yawancin tarago da hannu za ka yanka shi daga fallen roba.

Ni dai shawarata, nemi layi mai milimita 9 ka koyi aiki a kan ukun nan, jirgin Nsuta ya jira sai hannu ya faɗa.

A wajen haɗi, fara gane da me aka yi kayan, domin kowanne da gam ɗinsa. Robar da aka zuba a injin tana son gam mai ruwa-ruwa irin na Tamiya, wanda ke narkar da fuskokin biyu su haɗe. In rezin ne, wato robar da ake zubawa ruwa-ruwa ta daskare da kanta, wannan gam ba ya kama shi ko kaɗan: wanke shi da sabulu da ruwa mai ɗumi don fitar da maiƙon da ya taho da shi, sannan ka sa sufa gulu, ɗigo kaɗan a bakin tsinke. Katako kuwa farin gam na kafintoci. Kuma ka san damunar Kumasi. Siririn katako in aka shafa masa fenti a fuska ɗaya sai ya lanƙwashe, don haka shafa ciki da waje.

Inda aikin yake shi ne ƙasan tarago. Haɗa shi a kan gilashi ko tayil mai santsi, ka ɗora masa nauyi har ya bushe. In ƙafa ɗaya ta ɗaga ko da kaurin takarda ne, a kwana zai sauka daga layi. Kada ka ɗaure notin da ke riƙe jeren ƙafafun tam, bar shi ya riƙa juyawa. Maƙalan da ke haɗa tarago da tarago su zo tsayi ɗaya, in ba haka ba jirgi zai riƙa tsinkewa a hanya.

Sai nauyi, wanda sababbin hannu ke mantawa har su rufe rufin. Ƙa'idar NMRA, ƙungiyar masu harhaɗa ƙananan jiragen ƙasa ta Amurka, ga siririn layin HOn3 (mai kwaikwayon layi mai ƙafa 3) ita ce kusan giram 21, a ƙara kusan 11 a kan kowane inci na tsawon tarago. Mai inci 4 ya kama giram 64 ke nan. Naka sun fi ƙanƙanta, ka rage kaɗan, amma ukun su yi kusa da juna. Wosha da ƙananan notuna daga Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, sun wadatar. Manna su a ƙasa, a tsakiya.

Fenti a ƙarshe, maras ƙyalli. Tarago mai dakon ma'adini ba ya sheƙi: ɗan garin alli mai launin tsatsa a gindin ƙofofi, da jar ƙasarmu da aka tankaɗe a kan ƙafafu, ban da inda suke taɓa layi.