Shin teku ya wanke gubar gwajin nukiliya?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko teku bai wanke gubar gwajin makaman nukiliya ba, tunda an daɗe da dainawa. Ruwa ya watsa kaso mai yawa, amma lakar ƙasan teku ta riƙe nata.

Daga 1946 zuwa 1958 Amurka ta yi gwaji 67 a Bikini da Enewetak, cikin tsibiran Mashal da ke tekun Pasifik. Mafi girma shi ne na 1 ga Maris 1954, wanda ya niƙe murjani ya cakuɗa shi da burbushin bam. Wannan farar ƙurar ta zubo wa masunta 23 na wani jirgin Japan, suka kwanta ciwo, ɗaya ya rasu, aka yi ta zubar da kifin tuna.

Sinadarai masu guba da bama-baman suka bari ba halinsu ɗaya ba. Siziyam-137 narkewa yake a ruwa, igiya ta kwashe shi, kuma duk shekara 30 rabin ƙarfinsa ke gushewa. Fulutoniyam-239 kuwa manne wa laka yake, sai bayan shekara 24,000 rabinsa zai tafi. Tsutsotsi da sauran halittun da ke kiwo a cikin lakar su ke fara ɗauka, kuma guguwa kan tayar da abin da ya kwanta.

Kifin tsakiyar teku abin da ke jikinsa kaɗan ne ƙwarai. Waɗanda nake tausaya wa su ne mutanen tsibiran. A tsibirin Runit da ke Enewetak an zuba gurɓatacciyar ƙasa a ramin da bam ya haƙa, aka rufe samansa da kankare, ba a daɓe ƙasansa ba, ruwan teku na shiga yana fita har yau.