Hukuncin gwada dashen hannu da fuska a jikin dabbobi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin likitanci ne, ina binciken dashen gaɓa sukutum, wato fata da tsoka da ƙashi da jijiyoyi a haɗe. Mukan cire ƙafar ɓera mu dasa wa wani ɓeran, wani lokaci a yi da alade. Zuciyata ba ta natsu ba. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗana, ya halatta bisa sharuɗɗa, kuma wannan rashin natsuwa naka alamar alheri ce.

Allah ya ce shi ne ya halitta mana abin da ke cikin ƙasa gaba ɗaya (Baƙara, aya ta 29), Annabi (SAW) kuma ya umarce mu da neman magani. Buƙatar a fili take. Garkuwar jiki ta fi tsananta wa fata fiye da sauran sassa, shi ya sa hannun da aka dasa wa wani mutum a Ekwado a 1964 bai wuce 'yan makonni ba. Sai da aka daɗe ana gwada magunguna a kan ɓeraye da aladu kafin a dasa hannu a Liyon ta Faransa a 1998, sannan ɓangaren fuska a ƙasar a 2005.

Inda maganar ta yi nauyi shi ne hadisin Ibn Umar a Bukhari, cewa Annabi ya la'anci mai yi wa dabba musla, wato gutsure gaɓoɓinta tana raye. Na daɗe ina juya wannan hadisi. Abin da ya rinjaya a wurina, la'anar ta faɗa kan mai yin haka don wasa ko mugunta. Dalili kuwa, Anas ya ga Annabi da hannunsa yana yi wa raƙuman zakka lalas, kuma lalas ciwo ne, amma buƙata ta halatta shi. Sai dai Muslim ya ruwaito hanin yin sa a fuska, don haka gwajin fuska ya fi buƙatar hujja mai ƙarfi.

Ga sharuɗɗan: kada a taɓa dabba idan gawa ko kwamfuta za ta amsa tambayar. A sa ta barci kafin wuƙa, a ci gaba da ba ta maganin ciwo bayan ta farka, domin a nan ake yawan sakaci. Kada a yi da ashirin inda goma suka isa, kuma kada a kai ga biri matuƙar ɓera ya wadatar. Idan dashen ya ruɓe, a kashe dabbar nan take ta hanya mafi sauƙi. Halascin kashe ɓera ba izinin azabtar da shi ba ne. Wata mata ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare.

Alade kuwa, cinsa aka haramta. Malikiyya na ganin duk mai rai tsarkakakke ne, jumhuru, wato mafi yawan malamai, na ganin najasa ne. Jininsa dai najasa ne a wurin kowa, ka sa safar hannu, ka wanke abin da ya taɓa ka kafin sallah.

Wallahu a'alam.