Ka dakata da sayar da filin Baba saboda Debrecen

Ƙanena, saƙonka ya iso. Kai ne na huɗu a watan nan da ya turo min hoton masana'antar motocin BMW da ke nan Debrecen, a ƙasar Hangari, yana tambaya ko akwai hanya. Ka ce wani ejan ya yi maka alkawarin gurbin jami'a da aikin kamfani a haɗe, har maganar sayar da filin Baba ta taso. Filin nan dai a bar shi inda yake tukuna.

Masana'antar ba ƙarya ba ce. Tana bayan gari, a 2025 ta fara fitar da motoci masu aiki da lantarki. Kamfanin CATL na ƙasar Sin ma tun 2022 ya sanar zai zuba yuro biliyan 7.3 a haɗa batir a kudancin garin, har mazauna yankin suka yi ta zanga-zanga don tsoron a shanye musu ruwa. Amma ƙasashen da gwamnatin Hangari ta yarda a ɗauko leburori daga cikinsu ƙidayayyu ne, Najeriya ba ta ciki. Mai bizar karatu kuwa doka ta yanka masa awannin aiki, a wurare da yawa kuma sai ka iya yarensu. Rabon da mu baƙi muka samu daga kamfanonin nan shi ne tsadar haya.

Hayar nan ta ci min tuwo a ƙwarya. Shekarata ta biyu, sau uku wani ɗan ajinmu ɗan ƙasar yana kira a waya a ce ɗaki na nan, ina isa bakin ƙofa a dube ni a ce yanzun nan aka kama. Wanda ya yarda daga baya ya karɓi kuɗin ajiya na wata biyu, ranar tashina ya nuna wani ɗan karce a jikin tebur ya riƙe rabi. Ban manta ba, ko yanzu da na gama karatun haɗa magunguna nake cin gumina.

Sai da na san tarihin garin na daina mamakin riƙon kuɗinsu. Debrecen garin fatake ne. Ba kogi, ba dutse, ba ganuwar kirki, shimfiɗaɗɗen fili ne kawai. Zamanin da Turkawa suka mamaye tsakiyar ƙasar, attajiran garin ba su ja daga ba, haraji suka riƙa biya: su ba Turkawa, su ba sarakunan Ostiriya, su ba na Taransilbaniya, a bar su su ci kasuwa. Dukiyar kuwa shanu ce, ana kora su a ƙafa har Biyana da biranen Jamus da Italiya. Babban titin garin ma sunansa Titin Kasuwa.

In ka zo, Hortobágy zan fara kai ka, makiyayar da ke yamma da gari, wadda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi a 1999. Ranar da na fara zuwa na daɗe ban ce uffan ba. Furfuran shanu masu dogayen ƙahoni, makiyayi da sandarsa, ga rijiya da jigo irin na masu lambu a fadamar garinmu. Sanyi kawai ya hana ni rantsuwa a ruga nake. Nan ne kewar gida ta fara kayar da ni, ni da na ɗauka na fi ƙarfinta.

A tsakiyar gari akwai babbar coci mai ruwan ɗorawa da hasumiya biyu. A cikinta Kossuth, jagoran masu neman 'yancin ƙasar, ya shelanta ɓallewar Hangari daga sarautar Habsburg ta Ostiriya ranar 14 ga Afrilu, 1849, kujerarsa na nan har yau. A ƙarshen 1944 ma a garin aka kafa gwamnatin riƙon ƙwarya. Sau biyu ke nan suna riƙe ƙasa, kuma duk tsohon da ka zauna da shi sai ya tuna maka. Kwalejinsu ta addini tun 1538 take, jami'ar da kake nema kuma 1912, tana bakin dajin da suke kira Nagyerdő. Karatu kam akwai shi, kuma ba a roƙon maki.

Hanyar da ba ta cin fili ita ce tallafin karatu na gwamnatin Hangari, Stipendium Hungaricum. Ta hukumar tallafin karatu ta tarayya a Abuja aka saba bi, ana rufewa tsakiyar Janairu, ba ruwansa da ejan. Ba ka biyan kuɗin makaranta, ana ba ka forint (kuɗin ƙasar) 43,700 a wata, wanda da ƙyar yake kai mutum ƙarshen wata ko da shi ke girki. In da kuɗinka za ka yi likitanci, ya haura dala 15,000 a shekara, har shekara shida. Lissafa filin Baba ka ga wata nawa zai yi.

Kalmar farko da za ka haddace, kafin ma gaisuwa, ita ce sertés, wato alade. Tsiren hanjin da garin ya yi suna da shi na alade ne, kitsensa kuma har cikin wasu burodi yake shiga. A Disamba ƙarfe huɗu duhu ya yi, azahar da la'asar da magariba duk a aji suke samunka.

Ka ce wa ejan ya ba ka takardar gurbin da lambarta, ka turo min, in taka da ƙafata ofishin ɗaliban waje in tambaya. In ya fara kame-kame, ka karɓi fasfonka. In kuma tallafin ya fito, ka taho min da kuka da daddawa da yaji. Kilishi kada ka ɗauko, ƙwacewa za su yi a filin jirgi. Ka gaida Hajiya.