Hiace ɗina tana ɗigar da baƙin mai

Tambaya: Ina jigilar masu Umara tsakanin Jidda da Makka da Hiace mai shan dizal. Kullum da safe nakan tarar da tabon baƙin mai a ƙarƙashinta, kuma duk mako sai na ƙara lita 1. Ta ina zan fara? (Wani direba, Jidda)

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka bari a kwance komai tukuna. A wanke injin tas, ya bushe, ka ɗan zaga da motar, sannan ka haska da tocila. Mai yakan gangaro ne daga sama, iska kuma ta kora shi baya, saboda haka wurin da yake ɗiga ba lallai ne shi ne bakin yoyon ba. Ka bi sawunsa har zuwa mafi tsayin wurin da ya jiƙe.

Zargina ya fi karkata ga gaskit ɗin murfin saman injin, domin zafin Hijaz yana busar da roba har ta tsage, kuma gyaransa ba shi da tsada. A duba filtar mai da wosha ta kusar juye mai. Idan kuwa daga tsakanin injin da giya yake fitowa, to sil ɗin baya ne, wato robar da ke tare mai a bayan injin, wanda sai an sauke giya kafin a canza shi.

Ina roƙonka, ka sa makanike a Sina'iyya, wato unguwar masu gyaran motoci, ya busa bututun numfashin injin, domin idan ya toshe, matsin iskar ciki zai sake fasa sabon sil ɗin. In jar fitilar mai ta kama a hanya, ka tsaya ka kashe motar nan take.