Robar zuƙe majinar jariri: amsoshin wannan mako

Wata maijego daga unguwar Aboabo a Kumasi ta rubuto cikin damuwa. Ɗanta mai wata biyu hancinsa ya toshe tun shigowar hunturu, yana kama nono yana saki, kuma tana tsoron robar ta ji masa ciwo.

Ɗiyata, kwantar da hankalinki. Jariri a watannin farko da hanci yake numfashi, shi ya sa 'yar toshewa ke hana shi tsotso. Ɗiga masa ruwan gishirin hanci na kemis, ɗigo 2 a kowace kafar hanci, ki jira kamar minti ɗaya. Matse robar tukuna, sannan ki sa bakinta a ƙofar hanci, ki saki a hankali. Ki yi kafin shayarwa don kada ya yi amai, kuma kada ki wuce sau 4 a yini, yawan zuƙa na kumbura hanci. In zafin jikinsa ya kai digiri 38 a ma'aunin Celsius ko haƙarƙarinsa na lotsawa, ajiye roba ki nufi asibiti.

Wani daga unguwar Asawase na tambayar launin robar da ya dace da ɗa namiji. Haba Malam! Duba laushin bakinta, ka bar zancen launi.

Sai wadda ta ce tana aron ta maƙwabciyarta a gidan haya, ko da laifi? Akwai laifi, ƙanwata, babba ma. Na taɓa yanka wata roba da wuƙa a gaban uwar yaro. Bayanta tas, amma cikinta baƙar fumfuna ce da busasshiyar majina. Wannan ake matsawa a hancin jinjiri, a miƙa wa ɗaki na gaba! Za a ɗinka ankon suna kala biyu, amma a tsaya ciniki kan robar da ta kwana ta yini a faranti cikin rana a kasuwar Kejetia, babu ko leda. Ku saya a kemis, a rufe, kuma in da hali mai buɗewa gida biyu, wadda ido ke ganin cikinta. Kowane yaro da tasa.

Duk lokacin da aka gama, a zuƙi ruwan ɗumi mai sabulu, a girgiza, a matse, a ɗauraye har kumfa ya ƙare. A kife ta cikin kofi mai tsabta, bakinta ƙasa, ta tsane sarai. Wadda ta fara wari ko ta tsage, a jefar da ita.