Matar Sarki a Kumasi Ba Ta Haifar Sarki

Hajiya, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya da mutanen gida, na ga tambayarki game da hotunan bikin Akwasidae, wanda fadar Manhyia, wato fadar Sarkin Asante a Kumasi, ke yi ranar Lahadi duk bayan mako shida. Kin tambaya ko dattijuwar da ake gani ƙarƙashin laima kusa da Sarkin Asante ita ce uwargidansa, kuma idan ita ce, ina amaren suke, sannan kin ƙara da cewa ko mu mutanen Zango, unguwar Hausawa da sauran baƙi a Kumasi, mun ɗauki wani abu daga al'adun Tonawa, wato mutanen Asante, a sha'anin auren sarauta. Amsar ta farko mai sauƙi ce: waccan dattijuwa ba matarsa ba ce, kuma ba za ta taɓa zama matarsa ba, domin jininsu ɗaya. Sauran amsar kuwa tana bukatar bayani, saboda abin da kuka sani a Gidan Rumfa ba shi ne ake yi a nan ba.

A Kano, yarinyar da aka kai gidan sarki tana shiga ne da wani fata wanda ba a faɗarsa a fili amma kowa ya san da shi, wato watarana ɗan da ta haifa ya hau karaga, ita kuma ta zama Mai Babban Ɗaki. Kin san labarin Shekara ta gidan Sarki Ibrahim Dabo, wadda 'ya'yanta uku, Usman da Abdullahi Maje Karofi da Muhammadu Bello, suka yi sarautar Kano ɗaya bayan ɗaya. A wannan tsari ɗan sa-ɗaka da ɗan 'yar sarki duk 'ya'yan sarki ne, saboda ta wajen uba ake lissafi. Ko da Sarki Muhammadu Sanusi II ya auri 'yar Lamiɗon Adamawa a 2015 tana da shekara 18, abin da mutane suka gani shi ne haɗuwar manyan gidaje biyu, kuma ba wanda ya yi shakkar cewa 'ya'yan da za ta haifa suna da hakki a gidan Dabo.

A wurin Tonawa kuwa mutum ɗan dangin uwarsa ne. Kujerar Zinari, wato karagar sarautar Asante, tana hannun zuriyar Oyoko, kuma ana shiga wannan zuriya ta cikin mace kaɗai. Tun da yake ba a aure tsakanin 'yan dangi ɗaya, tilas ne sarki ya auro mace daga wani dangi daban, 'ya'yan da za ta haifa masa kuma su bi danginta. Saboda haka ɗan sarki ba ya gadon ubansa. Mai gado shi ne ƙanin sarki da suke uwa ɗaya, ko ɗan 'yar'uwarsa, ko wani daga wannan tsatso na mata. Matar da kika gani ana kiranta Asantehemaa, tana da tata kujerar, da nata dogarai da masu magana da yawunta, tana kuma zaman shari'a a fadarta ranar Talata, inda galibi ake kawo ƙararrakin aure da zagi da rikicin kasuwa. Idan kujera ta zama babu kowa, ita ce ke fitar da sunan wanda zai hau, kuma tana da damar yin haka har sau uku idan masu zaɓen sarki suka ƙi wanda ta kawo. Ita kaɗai ce al'ada ta yarda ta tsawata wa sarki a gaban jama'a. Nana Afia Kobi Serwaa Ampem II, wadda ta hau kujerar a 1977, ita ta gabatar da ɗanta Otumfuo Osei Tutu II a 1999, kuma bayan rasuwarta a 2016 yayarsa ce, Nana Konadu Yiadom III, ta gaje ta a 2017. Idan kina neman abin da ya yi kusa da wannan a ƙasar Hausa, duba Inna ta Gobir ko Iya ta Maraɗi, ko da yake ba su da ikon fitar da sarki irin nata.

To, ina matar sarki a cikin wannan tsari? A zamanin da, yawancin matan Sarkin Asante ba shi ya gan su ya ce yana so ba. Akwai gidaje da garuruwa waɗanda ke da alkawari na dindindin da kujera cewa za su riƙa ba ta mace, kuma idan wadda suka bayar ta rasu ko ta tsufa, sai su kawo ƙanwarta ko 'yar 'yar'uwarta ta maye gurbinta. Wannan shi ake kira ayete. Irin wannan yarinya kujera ta aura kafin mutum, shi ya sa idan sarki ya rasu takan zama matar magajinsa. Wasu tun suna goye ake kama su da sunan sarki, su girma a gidan iyayensu kowa ya san an yi musu miji, ba saurayin da zai kuskura ya tsaya da su, domin taɓa matar sarki laifi ne da hukuncinsa kisa. Idan ta isa aure sai a kai ta Hiaa, unguwar matan sarki a Kumasi, inda babanni ke tsaron ƙofa. Baturen Ingila Bowdich, wanda ya zo Kumasi a 1817, ya rubuta cewa doka ta ba sarki mata 3,333, amma shi da kansa ya ƙara da cewa da wuya fiye da shida su zauna tare da shi a fada. A ganina wannan adadi kirari ne na nuna ƙasaita, ba ƙidaya ba. Abin da ba kirari ba shi ne, idan irin waɗannan mata suka fito kan hanya, akan kore mutane, maza su kau da kai. Kuma a wancan zamani idan sarki ya rasu akan kashe wasu daga cikinsu domin su raka shi, al'adar da ta mutu da zuwan mulkin Turawa.

Za ki iya tambaya, me iyaye ke samu da har za su ba da 'yarsu alhali jikansu ba zai yi sarauta ba? Suna samu da yawa. 'Ya'yan sarki da jikokinsa suna da daraja ta musamman, ana ba su ƙasa da bayi da muƙamai, akwai ma sarautu irin ta Akyempemhene waɗanda aka keɓe wa 'ya'yan sarki, kuma sarki ya fi sakin jiki da su fiye da 'ya'yan 'yan'uwansa mata, tun da ɗansa ba ya jiran mutuwarsa. Wannan dukiya da daraja kuma dangin uwa take komawa. Sarki Kwaku Dua I, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1867, ya tura ɗansa Akwasi Boakye karatu ƙasar Holan a 1837. Yaron ya zama injiniyan haƙar ma'adinai, ya rasu a tsibirin Jaba na Indonesiya a 1904 bai sake zama a Kumasi ba, kuma rashinsa bai taɓa lissafin gado ba ko kaɗan. Shi wannan sarki ne kuma ya nuna dabarar da ke akwai a cikin tsarin, domin ya aurar wa ɗansa da Yaa Akyaa, 'yar gidan sarauta, sai ga ɗan da suka haifa, Kwaku Dua II, ya hau kujera a 1884. Ashe matar sarki ba ta haifar sarki, amma tana iya zama kakarsa ta wajen uba, idan an iya ƙulla aure.

Yau abin ya sauya ƙwarai. Prempeh I ya dawo daga gudun hijirar da Turawa suka tilasta masa a tsibiran Seshel a 1924 yana Kirista, kuma tun daga lokacin fadar ta fara karkata ga mace guda da ake nunawa a bainar jama'a. Opoku Ware II ya auri Victoria a 1945, shekara 25 kafin ya hau kujera a 1970, kuma ita aka sani a gefensa har rasuwarta a 1996. Sarki na yanzu ya auri Lady Julia a 2002, lauya ce mai aikinta tun kafin auren, ita ce kuma ta raka shi Landan bikin naɗin Sarki Charles III a 2023. Tana da mutunci, tana ayyukan taimakon mata da yara, amma a ranar da manya suka zauna maganar kujera ba ta da wurin zama, kuma 'ya'yanta ba sa cikin lissafi.

Yanzu sai batunmu. Kakanninmu fataken goro ne da suka bi hanyar Gwanja, suka yi zango a Salaga, kuma bayan yaƙin basasar da ya watsa garin a 1892, da faɗuwar Kumasi hannun Ingila a 1896, sai suka gangaro kudu kusa da kurmin da goron ke fitowa. Kafin su ma akwai malamai Musulmi a fadar Asante masu rubuta wa sarki wasiƙu da layu. Mun zo da lissafin uba, kuma ba mu sake shi ba: ɗan Bahaushe a unguwannin Kumasi irin su Aboabo ko Asawase ko Alabar sunan ubansa yake amsawa, gadon ubansa yake ci bisa rabon Musulunci. Muna da Sarkin Zango, da rawani da algaita da Galadima da Ciroma, amma kada ki auna wannan da sarautar Kano. Sarkin Zango ba shi da ƙasa, domin ƙasar ta Kujerar Zinari ce, shi shugaban baƙi ne da ke kai gaisuwa Manhyia, kuma tarihi ya nuna kujerarsa na iya girgiza idan hukuma ta juya masa baya. Malam Sallau, wanda asalinsa Katsina ne, ya riƙe sarautar daga 1919 zuwa 1932 kafin a sauke shi, sannan gwamnatin Nkrumah ta kori Alhaji Ahmadu Baba zuwa Najeriya a 1957 saboda siyasa.

Saboda haka amaryar Sarkin Zango ba ta shiga soro bayan soro, ba ta da jakadiya ko kuyangi, gidan attajiri ne ko malami take shiga, mai yawan baƙi da yawan girki. Ana girmama ta, ana ba ta wuri a biki, amma muryar mata a Zango ba a hannunta take ba, tana hannun Magajiya. Magajiya dattijuwa ce da aka naɗa saboda iya riƙon jama'a, ba saboda auren sarki ba. Ita ke tara mata a suna da biki da rasuwa, ita ke shiga tsakani idan aure ya yi tsami, ita 'yan siyasa ke nema idan zaɓe ya matso. Sarautar daga gida muka zo da ita, ba aro ba ce, amma ina da yaƙinin cewa zama da Tonawa, inda kowane gari ke da kujerar mace a gefen ta namiji, ya ƙara mata nauyi a nan fiye da yadda na ji ana ba ta a wurare da yawa a Arewa. Kulle ma bai yi ƙarfi a wurinmu ba, saboda yawancinmu gidajen haya muke zaune, tsakar gida ɗaya da ƙabilu biyar ko shida, kuma matanmu su ke riƙe da cinikin koko da ƙosai da wake da shinkafa da tuwon zafi tun daga bakin Zango har babbar kasuwar Kejetia.

Bikin kansa ba zai ba ki mamaki ba. Ana kai gaisuwa da goro, ana yanka sadaki, ana haɗa lefe wanda atamfar Holan ce adonsa, ana sa lalle, galibi kuma ranar Lahadi da safe ake ɗaurin aure saboda ita ce ranar da kasuwa da ofis ke hutu. Abin da ya bambanta shi ne doka. Dokar yara ta Ghana ta 1998 ta haramta aurar da wanda bai kai shekara 18 ba, har ma da yi masa baiko, saboda haka kamun jaririya irin na da, ko na Tonawa ko namu, laifi ne yanzu, kuma ba sarkin da rawaninsa ko kujerarsa za ta kare shi. Akwai kuma tsohuwar doka ta 1907 da ta tanadi rajistar auren Musulmi cikin mako guda, wadda, gaskiya, kaɗan ne daga cikinmu ke bi.

Game da ko 'yar Zango za ta iya zama matar wani sarkin Tonawa, ba a saba ba, kuma addini ne dalili na farko, tun da yawancin masu kujeru Kiristoci ne, kujerar kuma tana da tsarabe-tsaraben zuba wa kakanni giya da yanka. Amma ko da Musulmi ne, kamar yadda ake samu a cikin Asante Nkramo, wato Tonawa Musulmi, dattawanmu sukan yi dogon tunani saboda makomar 'ya'ya. Idan Bahaushe ya auri Batoniya, ɗansu yana da gida biyu: mu muna ƙirga shi ta wajen uba, su suna ƙirga shi ta wajen uwa, har ma yana iya samun hakki a kujera idan uwar 'yar gidan sarauta ce. Idan kuwa Batone ne ya auri Bahaushiya, lissafin sai ya juye, domin dangin uba za su ce yaron na dangin uwarsa ne, dangin uwa kuma su ce ai ɗa na ubansa ne. Kafin 1985 irin wannan mace na iya wayar gari bayan rasuwar miji ta ga ɗan 'yar'uwarsa ya zo karɓar gida da gonar koko. Dokar gado ta waccan shekara, wadda gwamnatin Rawlings ta kafa, ta ba matar mamaci da 'ya'yansa gida da kaso mafi girma daga abin da ya tara da guminsa, amma ba ta shafi dukiyar dangi ko ta kujera ba, kuma yawancin abin da ke hannun sarki na kujera ne.