"He" a yaren Hindi sunan gunki ne? Kuma ta yaya zan kira mutum a Delhi?

Tambaya: Malam zan kai mahaifiyata asibiti a Delhi, hankalina ya tashi don an turo min saƙo cewa wai kalmar "he" da Indiyawa ke kiran mutum da ita sunan gunki ne, wanda ya furta ya yi shirka. To ni da me zan kira likita ko direba?

Amsa: Allah ya ba Mama lafiya. Ɗan'uwa kwantar da hankalinka, "he" harafin kira ne kawai, sambodhan suke ce masa tun a nahawun Sanskrit, tsohon yaren Indiya, aikinta ɗaya da "ya" ta Larabci. Abin da aka kira shi ne abin dubawa. "He Ram" da ke rubuce a Raj Ghat, wurin tunawa da Gandhi, kiran Ram ne, abin bautar mabiya addinin Hindu, wannan kam ka bar musu. Ita kanta "he" ɗin ma ta addu'a ce da rubutu, ba ka jin ta a tasha.

Abin da ke ci min rai daban ne, kullum sai na ci karo da shi. Yaro ya kalli finafinai goma ya buɗe waya wai yana koyar da Hindi, yana cewa in za ka kira mutum ka ce "abe" ko "oye". Haba! "Abe" fa raini ne tsagwaronsa, kamar ka dubi sa'an babanka ka ce "kai ɗan wannan", a fim ɗin ma ka lura wa ke faɗin ta, ɗan daba ne ko abokai da suka shaƙu. "Oye" ta Punjabawa ce tsakanin tsara, "are" da sauƙi amma ba a jefa wa babba ita haka kawai. Kai ga ka baƙo, ga mara lafiya a hannu, takardu na wajen wani ma'aikaci, ka ce masa "abe" don wani wanda ko filin jirgi bai taɓa takawa ba ya koya maka? Wallahi abin yana min ciwo.

Ka riƙe "suniye", wato don Allah saurara. Direba ka ce "bhaiya", mace "didi", likita "daktar sahab", sannan ka liƙa "ji" bayan sunan duk wanda ya girme ka.